Tsuntsun da Tulba Ya Ƙone

Nazlat Radwan, ƙasar Girga
9 ga Fabrairu, 1964

Zuwa ga ɗan'uwana Mu'allim Shahhat, dillalin albasa a Iskandariya.

Sallama da barka da shan ruwa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan alhamdulillahi, in ban da Innarmu Zarifa. Idanunta sun rufe tun saran rake na bara, yanzu kuma ƙafafunta sun kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya ce kada mu yi dogon buri.

In ka manta da ni, ni ce Nabawiya, uwar Sabir. Kakarka da kakata nono ɗaya suka sha. In wannan bai ishe ka ba, ni ce wadda ka tura cikin magudanar ruwa a kan guntun rake, kuma har yau ban yafe ba.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ƙanena Tulba ya tafi garinku dako, shekara tara ke nan. Wasiƙa biyu muka samu, daga nan ɗif. Inna ba ta da zance sai nasa. Ta ce ba za ta shiga ƙasa ba sai ta ɗora hannu a kansa. Ba mu da hotonsa, amma yana da shuɗin tsuntsu na jarfa a gefen goshinsa na dama, irin naka, sai dai nasa ƙafa ɗaya gare shi, don ya fizge kai mai jarfa tana tsakiyar aiki. 'Ya'ya maza huɗu Inna ta binne kafin shi. Shi ya sa ta saɓa shi a kafaɗa har maulidin waliyyin Kena, aka kwaɓa baƙin fitila da ruwan nononta, aka soka masa tsuntsun da allura uku. Ya kuwa rayu.

An ce babu wanda ba ka sani ba a garin nan. To, ga ranar cika bakinka ta zo. Nemo mana shi.

'Yar'uwarka Nabawiya.
Mai rubutawa, Girgis mai kanti, yana gaishe ka, ya ce albasar bana ta yi kai.

Iskandariya
27 ga Fabrairu, 1964

Uwar Sabir, 'yar'uwa ta jini,

Amin wa alaikumus salam, da fatan an yi Sallah lafiya. Mu ƙalau muke, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun rediyo bai sani ba. Allah ya ba Goggo Zarifa sauƙi, ki sumbaci hannunta a madadina. Batun magudana kuwa, ke kika fara cizo, amma tunda girma ya zo na ɗauki laifin.

Kin ce in nemo mai tsuntsu. Ai kin aike ni neman mai baƙin mayafi a gidan makoki. Duk jirgin ƙasan da ya taso daga kudu zazzage mu yake a tasha kamar buhuna, rabinmu da tsuntsu a goshi. Bari kuma in gaya miki abin da ba ku sani ba a can. A gida tsuntsun nan garkuwa ne. Wata ta ce na ciwon kai ne, wata ta ce na ido, kakata kuwa cewa take mutuwa in ta leƙo ta ga shuɗin tsuntsu zaune a kan yaro, sai ta ɗauka an riga ta, ta yi gaba. A nan kuwa tambarin wawa ne. Ɗan birni in yana so ya ce maka shi ba a cutarsa, sai ya dafa gefen goshinsa da yatsa ya ce, "Ka ga tsuntsu a nan?"

Ni ko a jikina. Shekara ashirin da biyu tsuntsuna ke ciyar da gidana. Afandi, wato ɗan bokon birni, zai shigo kasuwa da kwat da turare, ya dubi goshina, in ga haƙoransa sun fito. In sunkuyar da kai in ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙauye ne, yadda ka ce haka za a yi." Sai ya kai gida hankalinsa ya dawo, sannan ya gane wane ne baƙauyen. Ban taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓiya ba, Allah shaida ne, amma wanda ya zo cin wawa ba na hana shi ƙwarewa.

Tun da aka sauko daga Idi nake bin gidajen shayin mutanenmu a unguwar Karmuz, da bakin tashar jiragen ruwa inda 'yan dako ke jiran aiki. Na ɗaga rawani ya fi ɗari. Na ga tsuntsu mai kama da kaza, na ga wani da na rantse kifi ne, mai shi saura ƙiris ya mare ni. Sai wani tsohon shugaban 'yan dako ya ce, "Tulba gurgu?" Na ce ƙafarsa ƙalau take. Ya ce, "Ba shi ba, tsuntsun." Ya ce wata takwas ya yi a hannunsa yana sauke auduga, kullum da littafi a aljihu yana haɗa baƙi in an zauna cin wake, wata safiya bai zo ba, shi ke nan.

Ɗan dakon da ke yawo da littafi ba mutuwa ya yi ba, uwar Sabir, hawa ya yi. Ki gaya wa Goggo in dai yana shaƙar iskar garin nan zan zaƙulo shi ko a ramin ɓera yake. Na rantse da gashin bakina.

Ɗan'uwanki Shahhat, da hannunsa ya rubuta.

Nazlat Radwan
14 ga Afrilu, 1964

Mu'allim Shahhat,

Gaisuwa. Muna lafiya. Inna yanzu sai an tallabe ta take kai ƙofa. Wata ɗaya da rabi ba mu ji ɗuriyarka ba, ga babbar Sallah ta ƙarato. Gashin bakin da ka rantse da shi, aske shi ka yi? In albasa ta fi zumunci ka faɗa mana, in daina sintiri a kantin Girgis kamar mai neman gishiri.

Nabawiya.

Iskandariya
27 ga Afrilu, 1964

Uwar Sabir,

Barka da Sallah, kowa lafiya a nan. Gashin bakina yana nan daram, har ya ƙara tsini. Ban rubuto ba ne don ba na aika buhu babu komai a ciki. Yau akwai. Na samo shi.

Kuskurena ɗaya, kuma irin namu ne. Na ɓata makonni ina neman tsuntsu, alhali tabo ya kamata in nema. Wani mai sayen kaya ne ya farkar da ni. Ya kwanto da sumarsa gefe ɗaya kamar labule, iskar teku ta ɗaga, na ga tabo fari fat daidai inda nawa tsuntsun yake. Na ja shi da shayi da daɗin baki har ya faɗa mini: akwai wani wanzami bayan tashar jirgin ƙasa mai ƙone jarfa da ruwan batir.

Na je na zauna aski. Yana shafa mini kumfa ya ce, "Mu'allim, in sakar maka tsuntsun nan ya tashi? Kwana bakwai ka zama ɗan birni."

Na ce, "Bar mini kayana, shi ke kai ni kasuwa. Amma ka taɓa sakin wani mai ƙafa ɗaya?"

Ya yi dariya har askar tana rawa a maƙogwarona. Ya ce, "Wa zai manta? Na ce masa wannan gurgun ba zai yi nisa ba, bai ko murmusa ba. Ya cije hannun rigarsa har na gama, da na miƙa masa madubi sai ga hawaye. Har gobe nan yake aski, don ni kaɗai na iya bar masa labulen suma a kan tabon. Amma yanzu ba a ce masa Tulba, Tal'at Afandi ne, akawu a kamfanin auduga."

Washegari na sa jallabiyata mafi faɗin hannu, na ture rawani baya, na haye benen ofishinsu. Ga shi a bayan tebur, kwat da gilashi, haɓar babanku sak. Na ce, "Afandi, ina cigiyar wani ɗan garinmu."

Bai ɗago ba ya ce, "Nan ba masauki ba ne, baba. Ƙofa na bayanka."

Na sunkuya na ce da harshen gida, "Ɗan Zarifa, har yanzu miyar lalon uwarka ta fi ta kowa yauƙi."

Alƙalamin ya suɓuce. Ya finciko ni waje kamar na zo da kuturta, bai sake ni ba sai bakin teku. Can ya amayar da komai. Sau uku ya je neman aikin akawu da takardarsa ta makarantar yamma, sau uku suna duban goshinsa kafin takardar, ɗaya ma ya yi masa kukan tsuntsu. Ya je ya ƙone. Da ya ƙone kuma sai ya rasa fuskar da zai kai gida. Ya ce sai baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Ya auri 'yar wani mai duba tikiti, 'yar birni, da suka tambayi iyaye ya ce uwarsa ta rasu. Tabon kuwa ya ce musu mai ne ya fallatsar masa. Na so in tofa masa yawu. Amma da na ce Goggo ta makance, sai ya zauna daɓas a kan yashi da kwat ɗinsa, ya ɗora hannu biyu a ka.

Yanzu ki buɗe kunne. Kada Goggo ta ji maganar ƙona tsuntsun nan, kada ta ji ta mutuwar da ya laƙaba mata. Tunda ba gani take ba, ki ce an same shi lafiya, yana nan tafe. Sauran aikin nawa ne.

Shahhat.

Nazlat Radwan
4 ga Mayu, 1964

Mu'allim Shahhat, sarkin wayo,

Muna gaisuwa. Lafiyar jiki akwai, ta zuciya kai ka san inda ka kai ta.

Ashe ka daɗe a birni har ka manta yadda ake karanta wasiƙa a Nazla? Ni na iya karatu ne? Girgis ne ya kawo ta da kansa, ya zauna a dakalin ƙofarmu, maƙwabta suka cika don sun ji daga Iskandariya take, aka tallabo Inna aka zaunar. Ka san kunnensa ya yi nauyi, da ƙarfi yake magana kamar mai kiran kwale-kwale daga wancan gaɓar. Ya karanta tun daga barka da Sallah har sunanka. Har "kada Goggo ta ji" ya rangaɗa mata a kunne.

Da aka zo kan ya ce ta rasu, dariya ta yi, ta ce, "Bai yi ƙarya da yawa ba, gaggawa ya yi." Amma da ta tabbatar ya ƙone tsuntsun, sai dariyar ta ɗauke, mutane suka fara zamewa. Can ta ce, "Nonona ne a ciki. Nonona ya ba wanzami ya zuba wa wuta." Ta ɗaga hannu a gaban kowa ta rantse da Allah ba zai ƙetare bakin ƙofarta ba sai da tsuntsu a goshinsa. Liman ya zo ya ce ta ciyar da miskinai goma ta warware. Ta ce ba ta rantse don ta warware ba. Kwana uku ke nan ba ta cin komai sai ruwan shayi.

Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Kuma da sauri, don numfashinta ya fara yin sama.

Nabawiya.
Daga Girgis: Mu'allim, shekara talatin ina karanta wa mutane wasiƙu ban taɓa tsallake layi ba, amana ce. Mai sirri ya rubuta a bayan ambulan.

Iskandariya
10 ga Mayu, 1964

(A bayan ambulan: Sirri. Girgis, a cikin ɗakin kaya, ƙofa a rufe, da murya irin ta mai lafiya.)

Uwar Sabir,

Ina gaisuwa da kunya. Jikina lafiya, fuskata ce babu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Ni da nake sayar wa 'yan birni rana a tsakiyar damina, dakalin ƙofarku ya kayar da ni. Amma ban saba barin ciniki a tsakiya ba.

Na tare Tulba a hanyar ofis na karanta masa takardarki. Na ce, "Tashi mu je wajen mai jarfa, a mayar da abin da ka cire."

Ya ce, "Kawu Shahhat, ka san abin da kake faɗa? In shiga ofis da tsuntsu? Manaja ya gani, surukina ya gani? Matata in ce mata me, ya sauko daga sama ya zauna?"

Na ce, "Ka ce mata uwarka ta tashi daga kabari, a jere da sauran ƙaryar."

Ya ce, "Kai kana da rumfarka, ba mai korarka. Ni shekara takwas na yi ina hawa benen nan."

Na zage shi, ya zage ni da ladabi irin na afandi, muka sha shayi. Gaskiya yana son zuwa, idonsa ya faɗa, amma tsoro ya riƙe masa wando. Da na ga allura ba za ta shiga ba sai na nemi wata ƙofar.

Kin san fensirin nan da muke rubutu da shi a jikin buhu, wanda in an lasa yake zama shuɗiyar tawada? Kwana biyu ina gwaji a damtsen mai ɗakina, har ta ce in na ƙara zana mata kaza za ta tafi gidansu. Yanzu hannuna ya faɗa. Zan zana masa shi a tasha, a kan tabon, da ƙafa ɗaya yadda yake. Ya ja hula ya rufe har ya iso. Goggo ta ji maƙwabta sun ce ga tsuntsu, rantsuwa ta sauka, uwa ta rungumi ɗanta, ya dawo ya wanke da sabulu. Wa aka cuta?

Na san halinki, za ki ce ba kya ƙarya. Ban ce ki yi ƙarya ba, shiru na ce ki yi, shi kuwa ko liman yana yinsa. Tulba ya yarda, ya karɓi hutu zuwa Laraba. Ranar Lahadi goma sha bakwai ga wata zai sauka Girga. Da hannuna zan tura shi cikin jirgin, kuma ba zan bar tashar ba sai hayaƙin ya ɓace.

Ɗan'uwanki Shahhat.

Nazlat Radwan
22 ga Mayu, 1964

Ɗan'uwana Mu'allim Shahhat,

Sallama da gaisuwa, a gaida mai ɗakinka da damtsenta. Muna lafiya. Inna tana nan da rai, jiya har ta cinye tantabara guda.

Wayonka na bakin teku ne, ka manta da zafin kudu. Tulba ya iso da azahar, gumi ya narkar da tsuntsunka, shuɗi ya gangaro ta kumatu har wuyan riga, kamar wanda ya faɗa rijiyar rini. Mutane sun cika lungu suna kallo. Na tallabo Inna zuwa ƙofa. Ya zo zai faɗa jikinta, ta tokare shi da tafin hannu ta ce, "Tsaya daga nan. Sunkuyo."

Ya durƙusa a waje. Ta lashi babban yatsanta, ta murza gefen goshinsa, ta ɗaga yatsan sama ta ce, "Nabawiya, me kika gani?"

Yatsan ya yi shuɗi shar. Na buɗe baki, kuma wallahi har yanzu ban san abin da zai fito ba. Sai ya riga ni. Ya ce, "Fensir ne, Inna. Babu tsuntsu. Na ƙone shi da kaina, ba wanda ya sa ni."

Ta mayar da yatsunta kan tabon, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Wa ya riƙe maka kai?"

Ya ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Jaki. Ana yin irin wannan ba mai riƙe kai?" Sannan ta ce, "Mai jarfa tana zuwa kasuwar Alhamis."

Ya ce, "Inna, Laraba zan koma aiki."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Nabawiya, mayar da ni ciki."

A zauren Girgis ya sauka. Amma tun daga safiyar Litinin Inna ta ce ɗaki ya yi mata zafi, a shimfiɗa mata a dakali. Nan take wuni, shi yana zaune a ƙasa gefenta. Ta zage shi ta tura masa gurasa, ta zage shi ta tura masa tsohon cuku. Ta tambaye shi ko matar tasa ta iya yanka lalo, ya ce da wuƙa take yi a faranti, ta ce Allah ya isa. Ranar Laraba motar Girga ta tsaya a bakin gada ta yi ta ƙaho. Jakarsa a ɗaure take tun safe, ni na ɗaure. Yana ɓare wa Inna tafarnuwa, bai ɗaga kai ba har motar ta gaji ta tafi.

Jiya Alhamis aka yi jarfar. Mai jarfar ta ce tabo ba ya shan baƙi, sai dai a hagu. Ta nemi nono, Inna ta ce a ɗebi nawa tunda ina shayar da auta, ta ce nonon 'yarta nata ne. Ya kwanta a dakali da wandonsa na afandi, Inna ta matse kansa a cinyarta, ƙattin Nazla suna tsaye suna yi masa tsiya, wani yana cewa a yi masa jimina tunda ya girma. Bai motsa ba, ƙafa biyu ta fito cif. Aka shafa ɗanyen ganye. Inna ta taɓa ta ji kumburin, ya yi tsalle don zafi, ta ce, "Wannan allura ce. Shigo, ka bar tsaya mini a ƙofa kamar mai bara."

Ba mu san kwana nawa suka rage mata ba, amma ta ɗora hannunta inda ta ce za ta ɗora.

Saura kai. Zai zauna har kumburin ya saɓe, ya hau jirgin Asabar talatin ga wata. Yana komawa ofishin da ya wuce hutunsa, da matar da ta san shi maraya, da tsuntsu sabo fil a goshi. Ya ce zai faɗa mata komai, kuma zai kawo ta Inna ta taɓa fuskarta. Bakinsa ya faɗa, gwiwarsa ce ban sani ba. Ka rufe rumfa ranar, ka je tasha ka tare shi. Kada ka kitsa masa wata dabara, kada ka koya masa abin da zai ce. Ka ture rawaninka baya, ka jera da shi ta tsakiyar titi har ƙofar gidansa, ka tsaya a gefensa sai an buɗe.

'Yar'uwarka Nabawiya.